Azumin Layin Mai

Azumin bana ya faɗo cikin zafi, irin zafin Sakkwato da mutum zai yi alwala, kafin ya kai ƙofar masallaci hannunsa ya bushe. Ranar goma ga wata ina dawowa daga kwata da nama, sai na tarar layi ya tashi a gidan man da ke bakin hanyarmu ta Arkilla. Wai an ji raɗe-raɗin ƙarin kuɗi, masu mai sun rufe rabin famfunansu. Motoci da babura sun cushe har kan titi, kowa ya jiƙa hula ya ɗora a ka, wasu sun fara zage-zage da azumi a bakinsu. Na raɓa ta gefe na wuce. Ko juyowa ba wanda ya yi, don abin da nake tuƙawa ba shi da ƙara.

Ni mahauci ne, ɗan mahauci. Shekara biyu ke nan da na sayar da tsohuwar motata mai shan fetur na sayi keken kaya mai ƙafa uku da ke aiki da caji. Da ma ina da sola a rufin shago saboda firij, sai na ƙara faifai kaɗan. Aikin nama na safe ne. Daga kwata zuwa shago, daga shago zuwa masu abinci na Sabon Gari, sai gidajen ma'aikata 'yan kaɗan da nake kai wa. Kafin rana ta take na gama. Sai in tura keken ƙarƙashin rumfa in jona shi, zuwa la'asar ya cika. Ba hayaƙi a kan nama, kuma tun da na saye shi ba macen da ta sake aiko mini cewa cinyar da na kawo tana warin fetur.

Abokina Alu makanike ne, tare muka tashi a Ƙofar Kware, kuma ba ya ganin keken nan bai tsokane ni ba. Ranar ma da yamma ya zo shago ya zagaya shi, ya ɗan hauri taya.

Ya ce, "Bube, kai dai ka kashe muna kasuwa. Shekara biyu abin ga na hannunka, ban da birki mi ka taɓa kawo man?"

Na ce, "To mi za ni kawo ma? Ba shi da hulogi, ba shi da kahireta, ba shi shan baƙin mai. Ko in zuba mashi ƙasa cikin waya don ka samu aiki?"

"Bari dai batirin ga shi mutu, ran nan za ka san kuɗɗi nai. Kuma ka tahi kara Illela da shi in gani."

Duka biyun gaskiya ya faɗa. Batir ba ya son zafinmu, shi ya sa ba na barin keken a rana, kuma duk wata ina ware wani abu saboda ranar da zai gaji. Kasuwar shanu mai nisa kuwa motar haya nake shiga kamar kowa. Amma sau nawa nake zuwa kara, sau nawa nake zaga gari? Maƙwabcina ma'aikaci ne, ya sayi 'yar ƙaramar mota mai caji, shi ma lissafinsa ke nan: ofis, makarantar yara, kasuwa, gida. Abin da muke yi kullum bai kai ya zazzage batir ba. Da safe in na kunna, allon zai nuna mini abin da ke ciki, kuma abin da ya nuna shi ne. Ba wanda ya isa ya surka mini caji da wani abu a bayan ido.

Waɗannan su ne dalilan da nake ba mutane a majalisa. Akwai wani da ba na faɗa. Alu ya san shi, don yana wurin.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan, azumi ya zo a daidai irin wannan zafi, ya kuma zo tare da wahalar mai da ban taɓa ganin irinta ba. Ina da shekara ashirin da shida, ban daɗe da aure ba. Baba yana da a-kori-kura fara wadda ya riƙe shekara goma sha biyar yana lallaɓa ta, ni ne direba. Motar nan ita ce ta raba shi da sauran mahautan unguwa. Da ita ya samu kai nama wata makarantar kwana ta 'yan mata da ke bayan gari, tafiyar kusan awa guda. Shanu biyu duk Alhamis. A kan wannan aiki gidanmu ya tsayu, mutum goma sha wani abu.

Da man ya ɗauke, Alhamis biyu muka yi ba mu kai ba. Mai kula da abincin makarantar ya aiko da saƙo cikin mutunci, ya ce yara na azumi da miya ba nama, in wannan Alhamis ɗin ma ta wuce, dole su ba wani na kusa da su. Ba wanda ya ga laifinsa. Ranar Lahadi Baba ya ce in kai mota layi, kar in dawo sai da mai. Na riga na shiga na kama ƙofa, ya dafa ta.

Ya ce, "In mai ya shiga tanki, ka aiko a hwaɗa man. In bai shiga ba, kak ka aiko. Ba ni aza wuƙa ga wuyan sa ban san inda nama nai za shi kwana ba. Kuma motag ga ba ta taɓa shan na bumburutu ba, kada ta hwara ga hannunka."

'Yan bumburutu su ne masu sayar da mai a galan a bakin titi. Na ce na ji.

A layin na tarar da Alu, lokacin yana koyon aiki, maigidansa ya turo shi da wata tsohuwar tasi. Ya shiga bayana. Wani dattijo direba da muka mayar shugaba yana bi da alli yana rubuta wa kowa lamba a jikin ƙofa. Tawa ta wuce ɗari. Gidan man a rufe yake, ba mai, ba labarin mai, sai dai an ce tanka na hanya.

Ba wanda ke tayar da inji a layi. In wani ya gaji ya janye, sai a yi ta kira daga gaba har baya, kowa ya fito ya tura tasa tsawon mota ɗaya, ya taya na kusa da shi turawa. Da safe abin da sauƙi. Bayan asuba akwai 'yar iska, a shimfiɗa tabarmi a gefen titi a yi ta hira. Daga hantsi ne ƙarfe ke fara magana. Kujera ba ta zaunuwa, sitiyari ba ya taɓuwa, in ka jingina da ƙofa sai ka zabura. Mukan rufe gilashi da kwali mu rarrafa ƙarƙashin wata babbar mota da ke gabanmu, mu kwanta a jere, mutum takwas, muna kallon cikinta. Kwalta ta yi laushi har tana riƙe takalmi. Leɓe ya tsage, miyau ya yi kauri, hira ta mutu da kanta. In mai ruwa ya biyo da kura, mu sayi garwa ɗaya mu yi alwala, sauran kowa ya tsoma riga ya mayar. Kafin a idar da azahar rigar ta bushe ƙaƙas.

Da la'asar rai ke dawowa. Wani ya kunna rediyon motarsa a ji tafsiri, har sai tsoron batir ya sa ya kashe. Ni da Alu muka raba aiki: yau ni zan taka zuwa Ƙofar Kware in ɗauko mana abin buɗa baki shi ya tsare motoci biyu, gobe shi. A gida ma wahalar ta shiga har tsakar gida. Injin niƙa ya tsaya, mata sun koma turmi. Na tarar da Inna da amaryata Nana suna dakan gero da azumi, Nana ta nuna mini tafin hannunta duk ya yi kanta, ta ce in na samo man in fara zuba wa mai inji. Ƙanƙara kuwa sai a mafarki, randa ce gatan kowa. Nakan dawo da fura a ƙwarya, da kunun tsamiya, da ƙosai a ƙunshe. Ana kiran salla kowa ya fito da nasa a haɗa a tsakiya, ba a tambayar na wa ne. Har yau ban sha fura mai daɗin wadda na sha zaune a kan taya a layin nan ba.

Kwana uku muna haka. Mutane da yawa suka sare suka janye, muka yi ta matsawa gaba. Ranar Laraba bayan la'asar sai ga tanka. Wallahi kabbara aka yi. Ta shiga ta fara juyewa, ƙamshin fetur ya cika wurin, manyan mutane suna shaƙa suna dariya. Manajan ya fito ya ce ba za a sayar ba sai gobe da safe. Na ƙirga motocin da ke gabana da yatsa, sau biyu. Goma sha ɗaya.

Nan lissafi ya shige ni. Yanka a kwata da asuba ake yi, kafin hantsi an gama fiɗa an watse. In na jira sai mai ya shiga tanki kafin in aika, lokacin yanka ya wuce, Alhamis ta wuce, makaranta ta tafi. Ga tanka ina gani da idona. Ranar Alu ne mai zuwa gida.

Na ce, "In ka biya gidanmu ka ce ma Baba na samu mai."

Ya ce, "Ba ka dai samu ba tukuna."

"Ga tanka, ga ni na sha biyu. Mi ar rage? Ce mai na samu."

Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya tafi. Da ya dawo ya ce Baba ya yi hamdala, ya aika a kawo bijimai biyu daga turke.

Da gari ya waye aka fara bayarwa. Ba wuta, sai da hannu ake juya famfo, a hankali. Muna turawa, muna turawa. Sai muka lura ƙofar fita ma ta zama ƙofar shiga. Motocin manya suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace da jarkoki a but. Dattijon shugabanmu ya je ya yi magana, aka ce ya koma layi. Rana ta ɗaga. Saura mota biyu a gabana, ina ganin lambobin famfo suna juyawa, sai yaron famfon ya girgiza tiyo, ya rataye shi, ya ɗaga hannu biyu sama. Ya ƙare.

Na zauna a bakin ƙofar mota. A daidai wannan lokaci na san an riga an yanka, an feɗe, an sassare, Baba yana tsaye a kwata yana duban hanya. Daga inda nake zuwa can tafiyar rabin awa ce a ƙasa. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, kuma na san shi: in tafi in tsaya gabansa in ce ƙarya na aiko. Amma ban tafi ba. Kunya ce, ba wani abu ba. Na kasa tunanin faɗin wannan magana a gaban mahauta, mutanen da suke gaishe shi da rusunawa.

A ƙetaren titi akwai masu galan. Na tsallaka na ɗauko biyu. Alu ya biyo ni, ya buɗe ɗaya ya tsoma yatsa ya ɗaga shi a iska. Fetur na gaskiya nan take yake tashi ya bar fata fari fat. Wannan ya tsaya yana sheƙi.

Ya ce, "Bube, wanga mai da kananzir ciki. Ƙila har da ruwa. Kak ka zuba."

Na ce, "Awa guda ta dai. Shi kai mu, in mun dawo ka wanke tanki."

Na zuba. Motar ta yi tari sau biyu ta tashi.

A kwata Baba ya tarbe ni da fara'a, ya shafa gaban motar. Aka shimfiɗa tabarmi a baya aka jera cinyoyi da haƙarƙari, kayan ciki a cikin baho, aka rufe da jiƙaƙƙun buhuna. Ya ce yau da shi za a je, yana so ya ba mutanen makaranta haƙuri da bakinsa. Muna fita ya tambaye ni, ba tare da wani zargi ba, "Gidan mai kash sha?" Na ce e. Da azumi a bakina.

Mun bar gari da kamar rabin tafiya, motar ta fara gardama. Sai ta ja ta saki, ta ja ta saki. Wata ƙara ta taso daga inji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Allurar zafi ta hau. Hankali ya ce in tsaya, ni kuwa na ƙara taka ta, wai ko za mu kai. Hayaƙi fari ya turnuƙe bayanmu. Ta yi wata ƙara mai nauyi sau ɗaya, ta mutu, muka gangara gefen hanya.

Baba ya buɗe ƙofa. Ya fita ya zagaya ya buɗe murfin tanki, ya sa hanci. Ya daɗe a sunkuye. Ya mayar da murfin ya ɗaure shi sosai, ya ce in zo mu sauke nama.

Abin da wanda bai ga lokacin ba zai kasa ganewa shi ne shirun hanyar. Titi ne babba, amma ba mota. Duk motocin ƙasar suna layi. Muka kwashe naman shanu biyu, ni da Baba, dattijo ɗan shekara sittin da wani abu, zuwa gindin wata bishiyar dogon yaro, muka karyo ganye muka lulluɓe. Ba ruwan da za a sake jiƙa buhu. A cikin awa uku abin da ya wuce mu jakuna ne da itace, da wani mai raƙumi, da mota ɗaya cike maƙil da mutane har kan rufi, direban ya ɗaga mana hannu yana ba da haƙuri. Iskar da ke kaɗawa kamar daga bakin murhu take fitowa. Ƙudaje suka same mu. Kayan ciki ne suka fara juyawa, tun kafin azahar. Baba yana ɗaga ganye lokaci lokaci, ya danna tsoka da yatsa, ya shinshina, ya mayar.

Bayan mun yi taimama mun yi salla ya miƙe ya ce in tafi ƙauyen da muke hange in ce a zo da kwanoni. Mata da maza suka fito. Ya zaro wuƙarsa ya tsuguna yana yankewa yana miƙawa, yana ce wa kowa a ɗora a wuta yanzu yanzu, kar a jira yamma. Wani ya ciro kuɗi, ya ce ya mayar. Abin da ya riga ya yi kore ya hana kowa taɓawa, ya sa muka ja shi nesa da hanya muka bar wa ungulu. A rayuwarsa bai taɓa sayar da naman da ya juya ba, kuma bai ba da shi sadaka ba.

Da mutane suka watse muka zauna mu biyu a inuwar, hannuwanmu duk jini ya bushe. Ina jira ya zage ni. Da ya mare ni ma da na ji sauƙi. Ya goge wuƙar da ganye ya mayar kube.

Ya ce, "Bube, da ka zaka da sahe kac ce man babu, da yanzu naman ga na bisa gadon kara. Da ranag ga da tal lalata shi, ita za ta busar muna da shi. Kilishi ar rasa mai saye ga salla? Makaranta ɗai za mu rasa."

Shi ke nan abin da ya faɗa, a ranar da kuma bayanta. Ban taɓa jin ciwon magana irin wannan ba, don ko kusa kilishi bai zo mini a rai ba. Ina can ina tunanin fuskata a gaban mahauta.

Mutanen ƙauyen suka kawo mana ruwa da fura muka buɗa baki. Washegari aka jawo motar da shanun huɗa har bakin gari. Maigidan Alu ya buɗe inji ya ce ya buga, sai dai wani. Makaranta ta ba wani aikin, kamar yadda suka faɗa. Shanu biyu sun tafi da jarin, ba abin sayen inji. Aka ɗora a-kori-kura a kan duwatsu a ƙofar gida, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin hutawa.

Ranar jajiberin salla na fito da safe na tarar da Baba a tsakar gida yana wanke wani tsohon tire da toka. A bayan ɗakin Inna ya zaƙulo shi. Ya karɓo ƙafar sa guda a wurin wani mahauci da shi ya koya wa riƙon wuƙa, ya yayyanka ya kasa shi kashi-kashi. Ya naɗe tsohon rawani ya yi gammo. Inna ta shige ɗaki ta saki labule.

Na ce, "Baba, kawo in ɗauka."

Ya ce, "Ba ka iya ba. Ban koya ma ba. Mota nik koya ma."

Ya ce in taya shi ɗorawa. Na ɗora masa da hannuna. Ya fita, na bi shi daga nesa, ban san dalili ba. A lungunan Ƙofar Kware ba wanda ke kiransa da wani suna sai Alhaji, in ya wuce majalisa tashi ake yi. Ya shiga lungu na biyu ke nan sai wata mata ta hango tire ta saman katanga, ba ta ga fuskar mai shi ba. Ta ɗaga murya.

"Mai nama! Kai mai nama!"

Baba ya tsaya. Na ga wuyansa yana rawa a ƙarƙashin tiren, don rabonsa da gammo tun ina yaro. Ya juya a hankali ya nufi ƙofar gidan.

Ya ce, "Na'am. Ga ni tahe."